Zanen Ƙusa a Tukunyar Ovide

Ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga watan Nuwamba na shekarar 2011, saura kwana uku Bikin Godiya, wanda iyalai ke taruwa su ci talotalo, Odile ta tsaya a shagon kayan ƙarfe na Mista Whitney da ke garin Erath, a kudancin Louisiana, tana duban kayan soya talotalo iri uku da aka jera a kan kanta. Ta fi minti goma a tsaye, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Damuwar mahaifinta ce ta kawo ta. Ovide Savoie, ɗan shekara saba'in da takwas, tsohon mai walda ne a jiragen ruwan da ke kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku. Shi ke soya wa iyalin talotalon biki tun daga 1984, bai taɓa fashi ba, ko a shekarar da guguwar Rita ta koro ruwan teku har tsakiyar gari. A watan Agustan da ya gabata ya yi ɗan shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suka ce ya auna arziki, domin magana ta dawo, tafiya ma ta dawo. Hannun dama ne kaɗai ya koyi cin amana. Sai yana riƙe da abu ƙam, yatsun su saki ba sallama. Sau biyu Odile ta ga kofin gahawa ya suɓuce masa, sau ɗaya kuma guduma. Ran Lahadi, da aka taso daga coci, ya ce mata a tabbata an cika masa tulun gas kafin Alhamis, ya faɗa a sake kamar mai batun hadari.

Tun daga lokacin abu ɗaya ke gilma mata a ido: tsoho a sunkuye kan tukunya, man gyada galan huɗu na tafasa, wutar gas na ruri a ƙarƙashi, talotalo na lilo a ƙugiya, sannan yatsun nan su saki.

"Mis Odile, ko hoto za ki ɗauke su?" in ji Mista Whitney daga bayan kanta. Tsoho ne shi ma, abokin kamun kifin Ovide tun ƙuruciya. "Kallo kyauta ne, amma ƙarfe biyar nake rufewa."

"Mista Whitney, wanne ne a cikinsu ba ya kashe mutum?"

"Kowanne zai kashe in an ba shi dama. Matso ki gani."

Ya fara da na lantarki, mai murfi da kwando, wanda ake ɗorawa a kan teburin kicin a jona shi kamar butar shayi. Na biyun ba a zuba masa mai ko ɗigo, zafin gas ne ke kewaye naman. Mista Whitney ya ce shi a wurinsa wannan gashi ne, ba suya ba, mutanen birni ne ke saya. Na ukun ƙatuwar tukunya ce mai cin galan goma sha ɗaya, da murhu mai gajerun ƙafafu huɗu wanda ko an hankaɗe shi ba ya tangaɗi.

Odile ta dafa na lantarkin. "Papa zan saya wa."

"Na sani. Wa kuma zai sa ki wannan fuskar? To, in kin kai wa Ovide wannan, zai yi miki godiya ta mutunci, ya huda gindinsa, ya shuka barkono a ciki." Ya gyara tabarau. "Laba nawa ne talotalon naku?"

Ba ta sani ba. Kowace shekara mahaifinta ke zuwa ya zaɓo da kansa, amma bana likita ya hana shi tuƙi, sai mijinta Curtis, mutumin garin Shreveport da ke arewacin jihar, ya ɗauke masa. Ta kira shi a waya.

"Ashirin cif," in ji Curtis, muryarsa cike da alfahari. "Mafi girma na ɗauko, don tsoho ya san ya yi dacen suruki. Tun Asabar yake firji, ƙanƙarar ta kusa sakinsa."

Mista Whitney ya jiyo maganar. Ya cire tabarau ya ajiye a kan kanta.

"Na lantarkin nan iyakarsa laba goma sha huɗu, ki manta da shi. Amma ba shi ne abin tsoro ba. Tukunyar Ovide a shagon nan ya saye ta, ni na naɗe masa. Galan bakwai da rabi take ci. Kin taɓa leƙa cikinta?"

"Akwai wani zane a ciki."

"Zanen ƙusa. Ga yadda ake yi. Za ki sa talotalo a tukunya, ki zuba ruwan sanyi har ya rufe shi, ki cire shi, inda ruwan ya tsaya ki yi shaida. Nan mai zai tsaya. Ovide ya yi haka sau ɗaya, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, da talotalo laba goma sha biyu. Bai sake aunawa ba, domin kullum laba goma sha biyu yake saye. Ran Alhamis ɗin nan in ya cika mai zuwa zanen, ya zura laba ashirin, man zai yi ambaliya ya sauka kan wuta. Ko da hannun ɗan dambe gare shi, haka za ta faru."

Odile ta janye hannunta daga kan kanta. Da damuwa ɗaya ta shigo shagon, ga shi za ta fita da biyu.

"To ba ni babbar."

"Zan sayar miki, amma ba za ta tsallake ƙofar gidansa ba sai in shi ya aiko a saya. Kin fi ni saninsa." Ya juya ya fara ɗebo kaya daga shirgi. "Ga safar hannu ta fata, har gwiwar hannu. Ga ma'aunin zafi mai dogon tsinke, nasa ya daina faɗin gaskiya tun zamanin da nake da gashi. Ga abin kashe gobara, irin na wutar mai. Kada wani ya kuskura ya watsa ruwa. Sauran kuma, 'yata, ba a shago ake sayar da shi ba."

Ranar Talata ta wuce tana saƙa da warwara. Curtis ya ce a ɓoye tulun gas ɗin kawai, a ce an rasa. Ta ce ai zai aro na maƙwabta kafin a gama yi masa ƙaryar. Ya ce to a gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri, cewa hannunsa ba na aikin nan ba ne kuma. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Tun rasuwar mahaifiyarta Noelie, shekara biyu ke nan, an raba Ovide da abubuwa ɗaya bayan ɗaya: an sayar da kwale-kwalensa, an karɓe makullin mota, an hana shi gishiri. Talotalon nan ne kaɗai ya rage wanda jikoki ke kewaye shi suna kallo, a ce Papa ne ya yi. In ta ƙwace shi da bakinta, zai ba ta, amma ta san irin shirun da zai biyo baya. In kuma ta bar masa, ta san abin da tafasasshen mai ke yi wa fatar mutum, domin shekara ashirin ta yi tana aikin jinya.

Da safiyar Laraba suka kama hanyar gidansa, talotalo a cikin akwatin sanyi a bayan mota. Lokacin yankan rake ne, manyan motoci sun shafe titi da taɓo, Curtis na tuƙi a hankali. Gidan yana tsaye bisa ginshiƙai masu tsawon ƙafa tara, yadda aka ɗaga gidajen unguwar bayan Rita. Suka tarar da Ovide a tsakar fili, nesa da gida da bishiyoyi, ya riga ya kafa murhu a kan dandaɓen siminti, yana goge tukunyarsa da tsumma.

Tukunyar tana da tarihi, kowa a dangin ya haddace shi. Ruwan da ya shigo ranar ashirin da huɗu ga Satumba, 2005, ya tafi da ita tare da rumfar da take ciki. Bayan kwana tara Ovide ya tsinto ta a gonar rake, rabin mil daga gida, ta loɓa a gefe ɗaya. Ya buge ta da guduma ta miƙe, ya soya talotalo a cikinta a watan Nuwamban nan, alhali iyalin na zaune a ɗakin wucin gadi na tirela. Duk sa'ad da aka yi masa maganar sauya wani abu, yakan tuna wa mutum cewa Turawan Ingila sun kori kakanninsu daga ƙasarsu ta Acadie a 1755, sun yi shekara goma suna gararamba kafin su iso nan, kuma ba wanda ya koya musu girki a hanya.

"Me ke cikin ledar nan?" ya tambaya, ko gaisuwa ba a gama ba.

Odile ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga safar hannun ya jujjuya.

"Walda za mu yi ko suya?" Ya ajiye ta. Ma'aunin zafin ya duba shi da kyau, ya sa a aljihun riga. Da ya ga jan tulun kashe gobara sai ya yi murmushi. "Whitney ne ya haɗa ki da wannan. Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba."

"Papa, talotalon bana babba ne."

"Talotalo talotalo ne."

"Laba ashirin ne, Mista Ovide," in ji Curtis, yana buɗe akwatin.

Ovide ya leƙa. "Wannan jimina ka sayo mana, ɗan Shreveport? Ku mutanen tudu komai sai kun cika shi. Ba komai, tukunyata ta ga abin da ya fi shi."

Odile ta matso kusa da tukunyar. Ta yi ta shirya maganar nan tun jiya, amma da ta zo faɗa sai muryarta ta fito siririya.

"Papa, ina so ka nuna mini yadda ka auna mai tun farko. Da ruwa. Ban taɓa gani ba, ina makarantar jinya lokacin."

"Ga zane nan a ciki, me za a auna?"

"Curtis ne ya ce wai zanen ba zai yi daidai da wannan ba."

Curtis ya buɗe baki, ta taka masa ƙafa, ya rufe.

Ovide ya dubi surukinsa sama da ƙasa. "Ashe? Yaushe aka fara soya talotalo a garinku, har ka zama malami? Jawo mini tiyon ruwa. Yau za ka ga aiki."

Ya ɗora tukunyar a kan murhun da ba a kunna ba, ya cika ta da ruwa har daidai zanen, bai ƙara ko yatsa ba. Ya sa Curtis ya zare ledar talotalon, ya tsire shi a kan ƙarfen da ake tsayar da shi, wuya ƙasa ƙafafu sama. Sannan ya maƙala ƙugiya a zoben ƙarfen, ya kama da hannun dama, ya ɗaga. Odile ta ga jijiyoyin damtsensa sun miƙe. Ta ɗaure hannuwanta a baya don kada su kai masa ɗauki.

A hankali ya fara zura shi, yadda ya saba, yana bayani.

"Ba a sakinsa gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan, kana ƙirga..."

Ruwan ya hau. Ya wuce zane da ɗani guda tun ƙirjin talotalon bai gama nitsewa ba. Ya kai baki. Cinyoyin na waje tukuna sa'ad da ya malalo ta ko'ina, ya bi jikin tukunyar, ya zubo cikin idon murhu, ya kwarara kan siminti har ya jiƙa takalman Ovide.

Ovide ya san abin da yake gani, domin ya yi shekara arba'in yana aiki da wuta.

"Laifin jiminar nan ne," ya ce a ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Bari in fito da ita."

Ya ja sama. Talotalon ya taso yana tsiyaya, cikinsa cike da ruwa, ya fi ɗazu nauyi. Ya kusa fita daga bakin tukunyar ke nan yatsun suka saki.

Talotalon ya faɗa ciki da ƙarfi. Ruwa ya yi tsalle ya wanke wa Ovide fuska da ƙirji da gaban wando. Tukunyar ta yi tangal-tangal a kan murhu, Curtis ya yi wuf ya tare ta da gwiwa.

Ruwan famfo ne mai sanyi, ba abin da ya yi wa kowa. Amma Odile ta tsaya tana bin jikin mahaifinta da ido, tana lissafa wuraren da suka jiƙe yadda ake lissafa ƙuna a asibiti: fuska, wuya, ƙirji, ciki, cinyoyi biyu. Mai shekara saba'in da takwas ba ya tashi daga wannan. Ta zauna a kan akwatin sanyi.

Ovide bai goge fuskarsa ba. Ya ɗaga hannun daman yana kallonsa, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Sannan ya juya ya nufi rumfar kayan aikinsa, ya shiga, ya ja ƙofa.

"In bi shi?" Curtis ya tambaya a hankali.

"Bar shi."

Ta zauna tana kallon ƙofar. Abin da take so ya faru, ya gani da idonsa ba tare da ta furta ba, amma ba ta ji daɗin komai ba. Ta kunyata shi a gaban suruki. Ta fara tunanin gobe: shi a kan kujera a baranda, an gasa talotalo a kicin, ana miƙa masa faranti kamar baƙo. Ko kuma, abin da ya fi ba ta tsoro, ya fito ya ce tsautsayi ne kawai, gobe zai riƙe da hannun hagu.

Minti ashirin suka wuce. Sai ta ji ƙarar zarto a kan ƙarfe, ta tsaya, ta sake tashi. Daga baya ƙarar guduma.

Ya fito riƙe da bututun ƙarfe mai tsawon ƙafa shida. A daidai tsakiyarsa ya yanka ɗan gurbi, ya ɗaura lanƙwasasshen ƙarfe da noti biyu. Rigarsa na jiƙe har yanzu. Ya jefa bututun a gaban Curtis.

"A jirgi, abin da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya ba a yi masa jarumta. Kama can. Odile, kama nan. Ku rataya ƙugiyar a tsakiya. Kowa na nesa da tukunya ƙafa uku, in ta yi tsartuwa ba za ta same ku ba. Ku ɗaga in gani."

Suka ɗaga. Talotalon ya fito sumul, yana lilo a tsakaninsu.

"Ɗan Shreveport, sassauta kafaɗa, ka fi ta tsawo, kana karkata mata nauyin. Yauwa. Ku sauke. A hankali na ce, ba gawa kuke binnewa ba. Ku sake."

Sau bakwai ya sa su suka ɗaga suka sauke, har Odile ta ji kafaɗarta ta ƙage. Sannan ya juya ga tukunyar, ya zubar da ruwan, ya shafa tabon loɓawar da ke gefenta da tafin hannu.

"Wannan ta koma ta dafa jatan lande," ya ce. "Odile, koma wurin Whitney. Ki ce ya ba ki mai galan goma sha ɗaya, mai kaurin gindi, ba irin gwangwanin da yake sayar wa baƙi ba. Da murhun nan mai gajerun ƙafafu. Safar hannu kuma ya ƙaro ɗaya, tunda ku biyu ne. In ya yi dariya, ki ce ina sane da ranar da ya faɗa ruwa da wandonsa na coci."

"Kai kuma fa, Papa?"

Ya zaro ma'aunin zafin daga aljihu ya nuna mata. "Wa zai riƙe muku wuta da agogo? Ku? Ku da ba ku san laba ashirin daga goma sha biyu ba?"

Mista Whitney bai yi dariya ba. Ya ɗauko tukunyar da kansa ya kai mata mota.

Da la'asar suka yi awo a sabuwar tukunya. Aka sa talotalo, aka zuba ruwa har ya rufe shi, Odile da Curtis suka ɗaga shi da bututu, ruwan ya sauka ya tsaya cak. Ovide ya laluba aljihu ya fito da ƙusa. Ya sunkuya, ya kai hannu cikin tukunyar, sai ya dakata. Ya miƙe ya miƙa wa 'yarsa.

"Ja shi ya fito sosai. Kuma ki rubuta ashirin a gefensa, don wani wawa kada ya yi shekara ashirin da bakwai yana bin zane ɗaya."

Ta ja zanen, ta rubuta lambar. Suka tsane talotalon da tawul ciki da waje har ba sauran danshi, suka shafe shi da yaji, suka mayar firji.

Ran Alhamis da hantsi dangi suka cika baranda, Ovide ya hana kowa saukowa fili. Yana zaune a kan kujerar ƙarfe kusa da tulun gas, agogo a cinya, jan tulun kashe gobara a gefen ƙafarsa. Man gyada ya tsaya daidai sabon zane. Odile na tsaye da safar fata har gwiwar hannu. Awon ruwa daban, mai daban, ta sani.

"Zafi ya kai ɗari uku da hamsin," in ji Ovide. Ya murɗa kan tulun da hannun hagu, wutar ta mutu. "Ba a zurawa da wuta a kunne. Ku ɗauka."

Suka ɗaga. Wuyan talotalon ya taɓa mai, tukunyar ta ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Tururi ya turnuƙe. Odile ta ƙara damƙe bututun.

"Tsaya nan. Bar shi ya huce fushinsa. To, ƙara kaɗan. Odile, dube ni, kada ki dubi man. Kaɗan kuma."

Ta dube shi. Idonsa na kan bakin tukunyar, hannun damansa kwance a kan gwiwa. Kumfar mai ta taso, ta hau, ta hau, ta tsaya saura yatsa huɗu ta kai baki. Ƙarfen ya taɓa gindin tukunya, nauyin ya bar kafaɗarta.

Ovide ya sa Curtis ya sake kunna wutar, ya duba agogo.

"Minti uku da rabi kowace laba. Saba'in ke nan. Jiminar taka za ta sa mu ci abinci a makare, ɗan Shreveport." Ya juya ga 'yarsa, wadda har yanzu ba ta saki bututun ba. "Ajiye shi mana, sai an zo fitarwa. Je ki kawo mini gahawa. Rabin kofi, kada ki cika."